Kyamarar Salmanu da Tarwaɗata

Rabin kifi na fara tsinta. Ranar Litinin ce da safe, na fito da kwanon abincinsu, sai ga shi yana yawo a kan ruwa, kai da ƙirji, babu wutsiya. Na ce ƙila kyanwa ce. Washegari na tsinci wani, ranar Alhamis kuma biyu. To wace kyanwa ce za ta yi nutso cikin kwamin siminti mai zurfin ƙirjina, ta gutsiri kifi, ta fito ba ta jiƙa min tsakar gida ba?

Sunana Talatu. Shekara talatin da biyar na yi ina koyar da 'yan firamare a nan Tudun Wada. Da na ajiye alli, dangi sun zaci zan shimfiɗa tabarma ne in zauna jiran gaisuwar jikoki. Ni kuwa na sayar da firiza da keken ɗinkina, na sa aka gina min kwami a bayan ɗaki, na zuba 'ya'yan tarwaɗa ɗari huɗu. Duk abin da na taɓa yi wa wahala a duniya, in ba na gwamnati ba ne to na gidan miji ne. Kifin nan ne kaɗai nawa na kaina, kuma ina sonsu fiye da yadda ya kamata babbar mace ta so kifi.

Masu kiwon da na tambaya duk bakinsu ɗaya. Wai a cikin tarwaɗa akan sami wanda ya fi sauran saurin girma, idan ya ƙasaita sai ya koma cin 'yan uwansa. Maganin kuma a zubar da ruwan kwamin gaba ɗaya a tsamo shi. Sannunku da shawara. In zubar in cika da me? Bazara ce, rijiyarmu guga uku take bayarwa ta koma taɓo. Famfon gidan kuwa jikokina sun ɗauka wurin shanya tsumma ne. 'Yan ga-ruwa kura ɗaya sai ka yi musu magiya, ni kuma kwamina kura talatin ba ta cika shi. Na sa koma na yi ta lalube, ƙananan kawai nake kamowa. Ruwan kore ne shar, ka sa hannu ba ka ganin yatsunka.

Ana cikin haka ƙanena Salmanu ya zo gaishe ni. Shi ne autanmu, shekararsa arba'in da ɗaya, yana da shagon ɗaukar hoto a bakin titi kusa da kasuwa. Tun da kowa ya mallaki waya, babu mai leƙa shi sai masu neman fasfo, saboda haka wuni yake yana kallon bidiyon mutanen da ke nutso a teku suna ɗaukar kifi. Mutumin da ko iyo bai iya ba, kuma ruwa mafi girma da ya taɓa shiga shi ne na ambaliyar layinsu.

Ya leƙa kwamin, ya dube ni, idonsa na ƙyalli.

"Yaya, ai ba sai kin zubar da ruwa ba. Hotonsa za mu ɗauka a ƙasa, mu ga inda yake kwanciya, mu sa koma daidai wurin."

"Da wace kyamarar?"

"Ki bar min wannan. Kwana biyu."

Da na san abin da kwana biyun Salmanu ke nufi, da tun a ranar na raka shi ƙofa.

Da wayarsa ya fara. Ya zura ta cikin ledar ƙanƙara guda uku, ya ɗaure bakin da roba, ya tsoma hannu har kafaɗa. Muka haɗa kai muna kallon abin da ta ɗauko. Kore. Daga sama har ƙasa kore, ko ɗigon baƙi babu. Ya ce bari ya sake, wannan karon ya ƙara zurfi. Da ya fito da ita, ruwa ne a cikin ledar yana wasa. Wayar ta kwana biyu a cikin buhun shinkafata, wai shinkafa na tsotse danshi. Mako guda muna cin shinkafa mai ƙarnin kifi a gidan nan.

Da wayar ta farfaɗo, ya dawo da wata dabara. Ya ce leda ce matsalar, gilashi ake so. Kafin in ankara ya juye min zumata a kofi, ya wanke kwalbar mai faɗin baki, ya saka wayar ya murɗe marfin. Kwalba ta ƙi nutsewa. Ya danna ta, ta taso. Ya buɗe ya zuba mata tsakuwa, ta nutse, amma yanzu babu yadda za a taɓa wayar a ciki. Sai ya saita ta ta riƙa ɗauka da kanta, ya ɗaura igiyar shanyata a wuyan kwalbar ya zura. Minti goma muna tsaye a rana. Abin da muka samu, hoton lambar da aka buga a gindin kwalbar ne, raɗau, ka karanta ta daga nesa. A bayanta kuma kore.

"Ka ga ci gaba," na ce masa. "Yanzu mun san lambar kwalba."

"Yaya, ke fa ba ki da haƙuri. Ko masu yi a teku haka suka fara."

"Masu yi a teku ba kifinsu ake ci ba."

A safiyar nan uku na tsinta. Na daina jefar da su a bola, na koma binnewa a gindin gwanda, don maƙwabta sun fara tambaya.

Sai ya ɓace kwana huɗu. Na kira, ya ce yana Kano. Ashe ɗaya daga cikin fitilun shagonsa biyu ya sayar, ya je ya sayo wata kyamara ta hannu, 'yar ƙarama kamar kwalin ashana, wadda aka yi ta musamman don shiga ruwa. Tana da gidanta na roba mai haske da ake rufe ta a ciki, kuma tana aiko da hoton kai tsaye zuwa waya. Sabuwar, in ji shi, ko shagon gaba ɗaya ya sayar ba zai iya sayenta ba. Na ji tausayinsa, wallahi na ji, amma tausayin bai kai minti biyar ba. Da ya buɗe gidan, siririyar robar da ke toshe bakin murfin ta fito a hannunsa gutsi-gutsi. Ta bushe ta mutu tun a wurin mai ita na farko.

"Ba ka duba ba kafin ka biya?"

"Ya ce min lafiyarta ƙalau."

"Da cewa zai yi ba ta da lafiya?"

Ya ce ana samun robar, amma sai an aiko da ita daga waje, wata ɗaya ko biyu. Na ce nan da wata biyu kifi ɗaya zai rage a kwamin, ba sai an ɗauki hotonsa ba, da kansa zai fito ya gaishe mu. Na yafa mayafi na ce ya wuce mu tafi wurin Malam Yusha'u.

Malam Yusha'u mai faci ne a bakin hanyar Tudun Jukun, dattijo, ɗiyansa uku sun bi ta ajina. Ya karɓi abin ya jujjuya, bai tambayi ko na mene ne ba.

"Malama, iska ce ba a so ta fita, ko ruwa ne ba a so ya shiga?"

"Ruwa, Malam."

"Duk ɗaya ne."

Ya ɗauko tsohuwar robar cikin tayar keke, ya yanko zobe siriri da reza, ya goge shi, ya shafa masa gam, ya kwantar a bakin murfin. Ya rufe gidan babu komai a ciki, ya danna shi cikin bahon da yake gwada taya, ya zuba ido yana jiran kumfa. Kumfa ta fito ta gefe ɗaya. Ya cire ya sake yanka wani. A karo na uku ruwan ya tsaya cak. Salmanu ya fara yi masa bayanin zurfin da masu nutso ke kaiwa a teku, Malam Yusha'u ya ce shi dai abin da ya sani, abin da bai yi kumfa a bahonsa ba, ba ya yi a kan titi. A duk wannan hidimar shi ne mutum ɗaya da ya yi abin da ya ce zai yi.

Muka dawo gida. Salmanu ya ɗaure kyamarar a bakin gorar da nake kakkaɓe yanar gizo da ita, ya zura a hankali. Ni na riƙe wayar. Ruwa bai shiga ba, hoto yana zuwa, komai na aiki yadda aka ce. Kuma kore ne. Wani lokaci wata inuwa ta gifta, wani lokaci gashin bakin kifi ya shafi gilashin ya wuce. Shi ke nan.

Ya ce haske ne babu. Washegari ya zo da tocila biyu irin na masu gadi, ya naɗe su da leda da salatif, ya ɗaure a gefen gorar. Abin ya ƙara lalacewa. Hasken ya daki dattin da ke yawo a ruwan ya dawo, allon wayar ya zama kamar an watsa masa kunu. Tocila ɗaya ta mutu a ciki, ɗayar ta kwance ta nutse, tana can ƙasa tana haska wa mai cin kifina hanya.

Salmanu ya zauna a bakin kwamin, gumi na ɗiga daga haɓarsa. Mako uku ke nan cur da ranar da ya ce kwana biyu.

"Yaya, gaskiya ba laifin kyamara ba ne. Ruwan ne. Ko wacce ta fi kowace tsada a duniya aka kawo, a wannan ruwan abin da za ta gani ke nan." Ya share gumin. "Sai dai akwai wani gilashi da ake ƙara mata a gaba, idan na sayar da ɗaya fitilar..."

Nan na fashe. Na ce masa ya cinye min zuma, ya ɓata min shinkafa, ya tsinka min igiya, ya mayar min da bayan ɗaki shagon gwaji, kuma sai yau ya gano ruwan kore ne, abin da makaho zai gaya masa tun ranar farko. Na ce in ya sake ambata min wani gilashi zan tsoma kansa a ciki ya gano min da idonsa. Ya ɗauke gorar ya jingine, ya ce Allah ya huci zuciyata, ya fita. Ranar ko abincin rana ban ba shi ba.

Ina huci na shiga madafa in sha ruwa. Na buɗe randa, na sa moɗa, sai na tsaya. Ruwan randar nan da safe na jawo shi daga rijiya, ja wur da laka. Yanzu ga shi garau, ina hango gindin randar. Abin da na yi masa shi ne abin da kowace mace a Tudun Wada ke yi, abin da Innarmu ta koya min tun ina shekara bakwai: na jefa masa ɗan gutsuren alimun, dattin ya kwanta.

Na ji haushin kaina da na Salmanu a lokaci ɗaya. Mako uku muna sayen kaya, maganin yana kan kantar madafata.

Akwai wadda ya kamata in tambaya. Victoria, maƙwabciyata da muke kira Maman Kato, katanga ɗaya ce tsakaninmu, kuma shekara talatin ta yi a ɗakin gwaje-gwajen asibiti kafin ta yi ritaya. Na ma ji motsinta tana shara. Amma me zan tambaye ta? Ruwan alimun muka sha muka girma, shi na shayar da 'ya'yana shida, babu wanda ya yi ko ciwon kai. Abin da mutum ke sha ya kwana lafiya, me zai yi wa kifi? Na lissafa a kaina: randa tana cin gutsure kamar ƙwayar gyaɗa, kwamin nan kuwa randa ɗari nawa ne, ga shi ya fi ruwan rijiya datti nesa ba kusa ba. Na je kasuwa na sayo mudu biyu, na daka a turmi.

Da sassafe na jiƙa shi a bokiti, na zagaya kwamin ina zubawa, na motsa da gora. Sannan na kira Salmanu na ce ya zo da kyamararsa, kada ya tsaya karyawa.

Kafin ya iso, ruwan ya fara tsinkewa. Koren ya dunƙule ya zama gudaji-gudaji yana sauka ƙasa. Zuwa hantsi ina ganin bayan kifina, karon farko tun suna kamar yatsa. Salmanu ya shigo ya tsaya turus.

"Yaya, me kika yi masa?"

"Abin da ilminka na teku bai gaya maka ba. Zura."

Ya zura. Ban taɓa ganin abu mai kyau irin wannan ba, ba zan ɓoye ba. Ga su nan a allon wayar, baƙaƙe masu sheƙi, suna gilmawa ɗaya bayan ɗaya, gashin bakinsu na lilo, hasken rana na sauka a kansu layi-layi. Salmanu ya matso yana leƙen allon. Ya ce, "Yaya, kalli, kalli wannan," murya ƙasa-ƙasa, kamar kada su ji. Ya juya gorar zuwa kusurwar da bututun zubar da ruwa yake, inda ko yanzu ido ba ya kaiwa daga sama saboda inuwar katanga. A ƙarƙashin bututun muka gan shi. Ya kai tsawon hannuna daga gwiwa zuwa yatsu, kansa faffaɗa, cikinsa tim, yana kwance abinsa kusa da tocilar Salmanu.

Ni na riƙe wayar ina ba da umarni, Salmanu ya sa koma ta bayan bututun. Sau ɗaya ya ɗaga, sai ga shi yana bugun iska. Muka juye shi a babban bahon wanki, na zuba masa ruwan rijiyar da na jawo da asuba ban riga na sa masa alimun ba, na kifa kwando a kai na ɗora dutse. Na ce wa kifin ya jira ni, da yamma zan yi farfesunsa in aika wa Malam Yusha'u. Na dafa wa Salmanu taliya da ƙwai uku. Har haƙuri na ba shi, abin da ban taɓa yi ba tun da aka haife shi.

Bayan azahar na fito in ba kifina abinci. Na watsa, babu wanda ya taso wa abincin. A sama suke dukkansu, baki a buɗe, suna cunkuso a jikin bango kamar masu neman hanyar fita. Wani farin yauƙi ya lulluɓe musu jiki. Guda biyar sun riga sun juya ciki sama.

Na ƙwala wa Maman Kato kira ta kan katanga. Ta shigo da zani a ƙirji, ta duba kifin, ta duba ruwan, ta tsoma yatsa ta ɗanɗana ta tofar.

"Malama, me aka zuba a nan?"

Kafin in buɗe baki Salmanu ya ce, "Alimun ne. Ni na zuba, don hoton ya fito."

Wannan ƙaryar ta fi komai ƙona min rai. Mako uku ina zaginsa a kan abin da bai kashe ko kifi ɗaya ba, yau kuma zai ɗauki nawa ya ɗora a kansa.

"Rufe min baki," na ce. "Ni ce, Maman Kato. Mudu biyu."

Ta dafe ƙirji. Ba ta yi min faɗa ba, da ma ta yi. Ta ce alimun mai yawa tsami yake sa ruwa, mu a ciki muke zuba shi kaɗan, su kuwa da shi suke numfashi, yana ƙona musu wurin shaƙar iska ne. Ta ce a fitar da su yanzu a sa su a ruwa mai kyau, ko a zubar da wannan a sake wani.

Ruwa mai kyau. Salmanu ya fita da gudu neman 'yan ga-ruwa, da tsakar ranar bazara, lokacin da duk suna layi a bakin rijiyar burtsatse. Maman Kato ta kawo jarkokinta huɗu, duk abin da ta tanada na kwana biyu, ta juye a robobi. Muka yi ta tsamowa da koma, da kwando, da hannu. Wanda muka sa a ruwa mai kyau ya ɗan motsa, ya yi lamo, ya juya. Ina ɗaga su ina jin yauƙin na saɓulewa a tafina. Waɗannan fa na san su tun ba su kai yatsa ba, da hannuna na riƙa murmushe musu abinci don bakinsu bai isa haɗiya ba. Ina aikin ina kuka, ban damu da wanda ya gani ba.

Salmanu ya dawo da kura biyu ana kiran la'asar. Ya tarar da mu zaune a ƙasa, kifin a jere a kan buhuna daga bakin kwami har ƙofar madafa. Masu kurar suka tsaya suna kallo, ɗayansu ya ce Allah ya mayar da alheri, suka sauke jarkokin a hankali.

Maman Kato ta ce a yi sauri a fasa cikinsu a yi banda kafin su lalace, ko ba komai a tsira da wani abu. Ta tafi ɗauko ragar waya da itace. Na ɗauko wuƙaƙe biyu na miƙa wa Salmanu ɗaya. Ya karɓa, ya tsaya yana duban tsakar gidan bai san ta inda zai fara ba. Sai muka ji motsi a bahon wanki, an bugi kwando da ƙarfi har dutsen ya gusa.

Salmanu ya je ya ɗaga kwandon. Yana nan lafiya ƙalau, yana zagaya bahon, ko yauƙi babu a jikinsa. Mun fitar da shi kafin ruwan ya ci shi. Salmanu ya naɗe hannun riga, ya danne masa kai, ya gyara riƙon wuƙar.

"Da shi zan fara, Yaya. Duk shi ya jawo."

"Sake shi."

Ya ɗago ya dube ni.

"Na ce ka sake shi. Ka buɗe jarka ɗaya ka ƙara masa ruwa, wancan ya yi zafi." Na share fuskata da bakin zani. "Shi kaɗai gare ni."